Tantanin Hanji a Kilarinet ɗin Babanka

Tudun Wada.

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Kaduna lafiya. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a bariki, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokan zama na gari. Babanka yana gaishe ka, yayyenka ma duk suna gaishe ka.

Na cusa takardar cikin akwatin kilarinet, abin busar babanka, ƙarƙashin tsumman goge shi, don na san nan za ka fara buɗewa tun kafin ka kwance ƙunshin dambun naman. Da baki na so in faɗa maka, to amma na san halinka. Ina fara magana za ka hau "To Inna, na ji Inna," idonka na kan ƙofa. Ni ma na san nawa halin, ba zan kai ƙarshe ba sai muryata ta hau rawa. Shi ya sa na ɗauko biro da ɗan bokon da na samo a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga rubutun ya karkace kar ka yi mini dariya, ja'iri.

Kai ka tashi ka tarar kilarinet ɗin nan yana kuka lafiya lau, ka ga ana kawo mana gyara har daga Bebeji da Riruwai, sai ka ɗauka haka abin ya faɗo daga sama. Ina! Akwai shekarar da na kusa rasa babanka yana zaune a gabana da ransa, a kan 'yan abubuwan da ba su kai faɗin ƙwandala ba. Kana ƙarami sosai lokacin, ba za ka tuna ba. Tun da yanzu za ka shiga badujala, kuma kai za ka riƙa kula da abin busarka, bari in ba ka labarin shirmen da na tafka, don kai ka tsallake shi.

Babanka ya baro soja da abu biyu: sunan Kofur da ya bi shi har yau, da wannan kilarinet da ya saya da guminsa. Sakandaren garin nan ta ɗauke shi yana koya wa yara badujala. Shi ke busa, shi ke gyara. Sai yanar ido ta fara rufe masa gani a hankali. Busa ba ta nemi ido ba, yatsunsa sun san hanyarsu. Gyara ne ya gagara. Ga shi an shiga zamanin tsuke bakin aljihu, kayan waje sun ɓace, shagon Sabon Garin Kano da yake sayen matasai ya koma sayar da batir da fitila. Ka san dai abin da nake kira matashi: ɗan faifan nan mai laushi da ke zaune cikin ƙoƙon kowane maɓalli, wanda in an danna yake sauka ya toshe ƙofar iska. Sojoji fad suke ce masa, ni dai matashi na sa masa. To nasa duk sun tsufa sun ruɓe, iska na tsiyaya ta ko'ina.

Wata rana yana tsaye gaban yara ya busa, abin ya yi wani irin ƙiii, yara suka tuntsire da dariya. Ba da mugunta ba, yara ne. Ya dawo gida ya rufe akwatin ya tura ƙarƙashin gado. Daga ranar mutumin nan mai tsokana, wanda ba ya wuce ni a madafa bai ce na cika gishiri ba, ya koma zaman zaure ya fuskanci bango. In kai masa tuwo in ɗauko tuwo. Shugaban makarantar, mutumin kirki ne, ya aiko cikin ladabi cewa akwai faretin 'yan makaranta bayan kaka, in Kofur ba zai iya tsayawa gaban yara da busarsa ba, dole su nemo wani daga Kano. Wallahi ni ba aikin ne ya dame ni ba, gona tana ciyar da mu. Mutumin ne nake gani yana ƙarewa kullum, ba ciwon da zan nuna wa likita.

Wata hantsi na same shi a zaure na ce, "Malam, ni fa ina da ido."

Ya ce, "Allah Ya bar miki abinki."

Na ce, "Amin. Kai kuma kana da sani. In ka ba ni sanin na ba ka idon, me ya rage?"

Ya juyo daga bangon da yake fuskanta. Ya ce, "Hajara, wannan fa ba ɗinkin hula ba ne."

Na ce, "Na ji. Ɗinkin hular ma ba da shi aka haife ni ba."

Da laluben yatsa ya kwance maɓalli ɗaya, ya ɓamɓaro tsohon matashin ya yaga ya ce in duba. Hawa uku ne: kwali a baya, wani dannannen gashi a tsakiya, sai fata siririya ta lulluɓe su. Kwali ba wuya, ga kwalin sukari. Dannannen gashin ne na juya na juya, sai na ce ai wannan irin na jar dara ne. Darar kakanka ta zamanin da yake ɗan doka tana nan ƙasan adaka. Babanka ya riƙe ta a hannu ya daɗe yana shafawa, sannan ya miƙo mini ya ce, "Yanka. Gara ta yi aiki da asu ya cinye ta." Maƙerin kasuwa ya wasa mini bakin guntayen bututun keke da na tsohuwar laima, manya da ƙanana, in ɗora in buga su fito a zagaye sumul.

Kuskurena na farko na uwa ne. Ni da na saba ɗinka muku riga da sarari don ku girma a ciki, sai na yanka kowane matashi da ƙari. A raina na ce in ya tsufa ya motse sai ya zauna daidai. Na dinga danna su cikin ƙoƙo da babban yatsa kamar mai danna gari a mudu. Sun shiga kam, amma suka yi tozo a tsakiya, gefuna suka tattare. Na miƙa masa ina ta washe baki. Ya haɗa ya busa. Wayyo Allah! Akuyarmu da ke ɗaure a turke ce ta amsa masa. Ya sauke ya ce, "Hajara, ƙofar kilarinet ba ta girma." Na ji kunya, amma na ga gefen bakinsa ya motsa, kuma rabon da in ga haka an daɗe.

Don haka, Nasiru, kowane ƙoƙo ka auna shi shi kaɗai. Kar ka dubi biyu ka ce ai waɗannan tagwaye ne, ido yana ruɗi a wannan aikin. Ni da tsinken tsintsiya nake yi. In karya shi daidai faɗin cikin ƙoƙon, yadda zai kwanta ba tilas kuma ba lilo, in soka shi jikin sabulu bi da bi yadda maɓallan suke jere don kar su cakuɗe mini. Matashin da ya dace da ɗan turi kaɗan yake shiga, kuma in ka kifa ƙoƙon ba ya faɗowa ko da ba a manne shi ba. Wanda ya yi kaɗan shi ma bala'i ne, bakin ƙofar zai riƙa cin gefensa har ya huje. A can wataƙila su ba ka abin awo na ƙarfe mai lambobi. Karɓa ka koya da kyau, ya fi tsinkena. Kuma in aka tambaye ka ko ka iya abu, faɗi iya abin da ka iya, kar ka yi ƙari don a ce da kai gwani.

Na biyu kuma son kyau ne ya ja ni. Kawunka Sule, baduku a Bebeji, da ya ji abin da muke ciki ya aiko mini da jar fatar akuya, ya fere ta siririya, tana sheƙi. Na ce shi ke nan, an gama. Na lulluɓe duk matasan da ita tun daga sama har ƙasa, kilarinet ya fito kamar amarya ta sha lalle. Babanka bai ma busa ba. Ya cire gaɓar sama, ya rufe ƙofofin da yatsu, ya toshe gindin da tafin hannu, ya sa baki ya zuƙa. Ya ce in aiki ya yi, bakin gaɓar zai kama leɓe ya riƙe, in ka ja ka ji ɓus. Nawa ko alamar kamawa bai yi ba. Ya ce fatar tana da ƙananan ƙofofin gashi, ta nan iskar ke sulalewa.

Sai wayo ya zo mini. Ƙofofi ne? Ai toshewa ake yi. Na tare Dije mai nono na sayi curin man shanu, na shafa wa kowane matashi har ya sha. Ya zuƙa, ta kama! Ranar har rawa na taka a tsakar gida. Ba a jima ba maɓallai suka fara maƙalewa, ka danna su ƙi tashi sai da ɗan ƙara, cak, cak. Wari ya biyo baya. Wata safiya na ɗaga akwatin na ga kiyashi sun ja layi tun daga bakin ƙofa, kyankyasai kuma sun riga sun gaigaye gefunan. Na kai masa ina salati. Ya sansana ya ce, "Cewa na yi ki toshe iska, ban ce ki yi wa kiyashi walima ba." Ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi, hawaye na zuba, shi bai gani ba.

To ka ji. Kar maiƙo kowane iri ya kusanci matashi. Kai ma da shan rake da shayi mai sukari, kurkure bakinka kafin ka busa, in ba haka ba zaƙin zai bi iska ya manne maɓallan. Sannan kar ka yi wa duk ƙofofin sutura iri ɗaya don ta yi maka kyau a ido. Fata aikinta manyan maɓallan nan huɗu na ƙasa, masu faɗin baki, waɗanda ake bugawa da ƙarfi. Su ma fatar ɗan akuya mai santsi za ka nema, ka goga mata kakin zuma kaɗan, ka goge tas. Ƙananan na sama da na tsakiya abu suke so marar nauyi wanda iska ba ta ratsa shi ko kaɗan.

Wannan abin ne ya ba ni wuya. Babanka ya ce na Turawa wani tantani ne, a soja ana cewa wai fatar kifi ce. Ina zan ga kifin da zan feɗe haka a Tudun Wada? Ana nan aka yi suna a maƙwabta, aka yanka sa, aka tara mu wankin kayan ciki. Ina cikin murza hanji sai wani siririn abu ya saluɓo a hannuna. Na ɗaga shi sama, na ga yatsuna ta cikinsa. Na ja, bai yage ba. Na hura, ya kumbura ya riƙe iska. Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba, mata suka taso suna "Lafiya? Wuƙa ce?" Na ce, "Ba wuƙa ba ce, ku dai bar mini hanjin nan." Har yau akwai masu ce mini Hajara mai hanji, kuma ina amsawa.

Na wanke shi da toka, na ɗame shi a bayan tasa, na shanya a inuwa, don rana tana sa shi ya yi ƙarau ya karye. Na ninka biyu na lulluɓe matasan. Da babanka ya taɓa sai ya tsaya cak. Ya ce, "Ina kika samo wannan?" Na ce, "Daga bakin tukunyar farfesu na ƙwato shi." Ya zuƙa, gaɓar ta kama leɓensa, ya ja, ɓus! Ranar ya cinye tuwonsa har ya suɗe hannu. Duk inda ka je akwai mahauta, ka yi musu ladabi, ka ce tantanin hanjin sa kake so, sabo, ba wanda ya kwana ba.

Na uku shi ne ya kusa kashe ni. Babanka ya gaya mini da shalak suke manne matashi a soja, wani ɓawo-ɓawo da ake narkarwa da zafi. Ba mu da shi. Na ce ga ƙaro nan, da shi ake manne komai. Na dama shi da kauri na manna, ya kama gam, babanka ya yi ta busa a gida ba matsala. Sai wani tsohon abokinsa na soja da ke zaune a Riruwai ya aiko, zai aurar da ɗansa, lallai Kofur ya zo ya busa. Ka ga yadda ya sa aka wanke masa babbar riga! Muka hau mota tare, damina ta tsaya sosai. Ka san Riruwai a irin wannan lokaci, duwatsu na tsiyayar ruwa, ko zane ka shanya ba ya bushewa.

Busar farko ta tafi lafiya, tsofaffin 'yan haƙar kuza suna ta gyaɗa kai. Yana tsakiyar ta biyu na ga wani ɗan farin abu ya faɗo ya gangara kan tabarma. Wani ya biyo shi. Tururin baki da laimar garin sun haɗu sun jiƙa ƙaron. Kilarinet ya yi ƙiii, sannan ya yi shiru. Da an yi dariya ma da sauƙi. Ba wanda ya yi, tausayinsa suka ji, kuma ya ji sun ji. Ni na fito daga cikin mata na durƙusa ina tsintar matasaina a gaban jama'a. Muka hau mota muka ratso dajin Falgore. Da muka iso gida ya tura akwatin ƙarƙashin gado da ƙafa ya ce, "Ki bar shi, Hajara. Na gode. Wanda Ya ba ni Ya karɓi abinsa." Wannan karon ko zauren ma ya daina fita.

Na je bayan rumbu na yi kuka na ƙoshi. Da na gama sai haushin kaina ya kama ni. Ni da nake jiƙa ƙaro da hannuna in haɗa wa yayyenka tawada, ni ce zan manta ruwa ke narkar da shi? Haba Hajara! Na share fuska na aika Kiru wurin wani kafinta mai goge kujeru su yi ƙyalli, aka ce yana da shalak, ya ƙunso mini. Amma na rantse ba zan sake yarda da abu don kawai ya yi kyau a tsakar gidana ba. Ranar da nake dambu na ciro maɓalli biyu daga jikin kilarinet, ɗaya na manne da ƙaro, ɗaya da shalak, na riƙe su bisa tururin madambaci. Na ƙaro ya saki tun dambun bai nuna ba. Na shalak ko gezau.

A nan kuma na lura da maɓallin can na ƙoli, wanda babban yatsa ke dannawa ta baya. Shi ne ruwan numfashi ke fara cimma, tantanin wurin ya jiƙe ya yi laɓo-laɓo. Na samo toshiyar kwalbar magani, irin mai laushin nan kamar totuwa, na yanka, na goga fuskarta a kan dutse mai santsi har ta kwanta sumul. Ita ruwa bai dame ta ba. Saboda haka ka riƙe: toshiya a sama inda ruwa yake, tantani a tsakiya, fata a ƙasa. Wajen narka shalak kuma ba a kai wuta kusa da jikin kilarinet, don itace ne. Ƙusa za ka sa a garwashi, ka taɓa bayan ƙoƙon da ita har ya narke. Kuma duk abin da ka gyara, gwada shi a wahalar da ta fi wadda zai haɗu da ita, tun kana kai kaɗai, kafin ka fita da shi gaban mutane.

Duk wannan ni kaɗai nake yi yanzu, yana kwance a ɗaki ya juya baya. Na san yana jin motsina, bai hana ba, bai kuma tanka ba. Kaka ta shigo, an fara yankan gero, ranar fareti na matsowa. Gaɓar sama ta kama leɓena, ta ƙasa ta ƙi. Na duba faɗi, daidai. Na duba fata, lafiya. Kai, na rasa inda zan sa kaina. Sai idona ya kai kan wani kaset na yayanka da rediyo ya tauna, zarensa na reto. Na tsinko guntu na sa ƙarƙashin matashi, na danna maɓallin na ja. Ta baya, wajen da maɓallin ke lanƙwasawa, ya riƙe zaren tamau. Ta gaba kuwa zaren ya zare salin alin. Ashe kauri ne ya yi yawa. Wannan shi ne shirmena na huɗu: na ɗauka mai kauri ya fi toshewa, na zuba musu dara yadda take. Matashin yana dira ta baya tun gaban bai iso ba, ya bar kafa.

Na sa reza na tsaga darar. Da na wuce gona da iri sai abin ya juya, gaba ta kama baya ta saki. Haka na yi ta fama har na gane ɗan leƙowa kaɗan ake so matashi ya yi daga bakin ƙoƙo. Tun shalak na da ɗumi sai in sa bayan wuƙa in ɗan gyara masa zama, in ja zaren ta gabas, ta yamma, ta kudu, ta arewa, sai riƙon ya zo ɗaya. Na sa maka wani mataccen kaset a jaka, kar ka jefar ka ce Inna ta rikice. Kuma in abu ya ƙi ka, kar ka ƙara masa ƙarfi. Na ga masu matse maɓalli har yatsu su yi fari don su rufe kafa. Tsaya ka nemo ta inda yake yoyo.

Da na gama ban roƙe shi ba. Da hantsi na shiga na tarar ya tashi zaune bakin gado, na ɗora masa a cinya, na fito na hau daka. Ina daka kunnena na ɗaki. Shiru. Na ce a raina, Ya Allah, na yi iya yina. Can na ji ɓus. Aka jima na sake jin ɓus. Sai ga wata murya mai kauri ta taso a hankali, muryar can ta ƙasa ƙwarai, wadda ba ta fita sai duk matasan sun toshe gaba ɗaya, ko ɗaya bai yi ƙarya ba. Ta cika ɗakin, ta fito tsakar gida, na ji ta har cikin ƙirjina. Taɓarya ta tsaya a hannuna. Ya hau sama, ya sauko, ya koma, ya daɗe yana yi. Da ya tsaya sai na ji ya ɗaga murya: "Hajara! Wai ba sauran tuwon jiya a gidan nan ne? Ko sai mutum ya mutu da yunwa?"

Ranar fareti filin ya cika maƙil, makarantu sun zo har daga Doguwa da Dangora. Ina can cikin mata a bakin fili, idona na kan ƙasa gabansa ko zan ga wani farin abu ya faɗo. Ya tsaya gaban yaransa, ƙirji a buɗe, kai ka ce yau ya shiga soja. Ya ɗaga kilarinet, ganguna suka ɗauka. Nasiru, babanka ya yi busa ranar! Ya zagaya filin nan da yara a bayansa, yana bin ƙarar ganga, bai yi tuntuɓe ba, murya ɗaya ba ta fashe ba. Tsofaffi suka miƙe tsaye. Ni da ban taɓa guɗa a bainar jama'a ba, na toshe hanci na rangaɗa ta har sai da matan kusa da ni suka kama.

Da aka tashi shugaban makaranta ya zo ya riƙe hannunsa biyu-biyu, yana murna kamar shi ya yi busar. Ya ce, "Kofur, barka! A ina aka gyara maka shi haka, Kano ko Jos?" Ina jin su, ban yi nisa ba. Babanka da ko sunana ba ya kamawa a gaban maza, ya juyo daidai inda guɗar nan ta fito ya ce, "A gidana, ranka ya daɗe. Mai ɗakina ce. Ku tattaro duk na makarantar da suka mutu ku kawo mata." Na ja mayafi na rufe fuska, amma ba zan ɓoye maka ba, daɗi kamar ya kashe ni. Daga nan aiki ya buɗe, na makarantu, na 'yan majami'ar Riruwai, har ma abokin nan nasa ya sake gayyatarmu da wata daminar, muka je muka rama.

Da ya ce zai ba ka kilarinet ɗin, sai na tuna ranar Riruwai. Na same shi na ce, "Malam, kai fa? Na san abin da rabuwa da shi ya taɓa yi maka." Ya ce, "Wancan karon mutuwa ya yi a hannuna. Wannan karon tafiya zai yi." Kuma na duba shi da kyau, da gaske yake. Yana cin abincinsa, yana nan yana ce mini na cika gishiri.

To autana, ka riƙe salla a kan lokaci, ka girmama na gaba da kai, ka goge cikin abin busarka duk sanda ka gama. Abu ɗaya nake roƙonka. Idon babanka ya ƙarasa rufewa, ba zai ga kakinka ba, ba zai ga igiyar da za su ɗaura maka ba in Allah Ya kai mu. Ran da aka ba ka hutu ka zo gida, ka tsaya a bakin zaure ka yi sallama, sannan kafin ka ajiye jaka ka haɗa kilarinet ka ba shi muryar nan ta ƙasa, da matasan da kai ka yanka da hannunka. Ta nan zai gan ka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya kare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya ba ka sa'ar abin da ka je nema, Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Hajara.